Likita ya rubuta allura da hantsi, ba a yi wa Inna ba sai washegari: wannan jinkirin daidai ne?

Wata baiwar Allah daga Mabera a Sakkwato ce ta aiko da tambayar. Mahaifiyarta ta haura shekara 70, ta samu shanyewar ɓarin jiki bara, tana ɗauke da robar fitsari, kuma sun kwantar da ita a wani ƙaramin wurin jinya mai zaman kansa inda ake kula da masu doguwar jinya, likita yana leƙowa sau ɗaya a rana. Wata Alhamis da safe Inna ta ƙi karɓar kunu, ta fara surutai tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, numfashinta yana sauri. Likita ya zo wajen ƙarfe 11, ya rubuta gwajin jini da na fitsari, da ƙarin ruwa, da allurar antibayotik. Ba a yi allurar farko ba sai ƙarfe 8 na safiyar Juma'a, kuma da yammacin ranar aka garzaya da ita babban asibiti saboda awon hawan jininta ya yi ƙasa sosai. Yanzu da sauƙi. Tana so ta sani: haka aka saba yi? Jinkirin ne ya jawo abin da ya faru? Laifin wa ne, kuma me za ta yi nan gaba?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin kwantar da manya, kuma amsar tambayarki ta farko ba ta da tsawo: a'a, ba daidai ba ne. Tsohuwa mai robar fitsari wadda hankalinta ya juya dare ɗaya, numfashinta na sauri, likita ya gan ta da idonsa ya rubuta allura, bai kamata ta kwana ba a yi mata ba. Ƙa'idojin da ƙwararrun likitocin duniya suka yi ittifaƙi a kansu game da sefsis, waɗanda aka fitar a 2021, sun yanke lokaci ƙarara. In awon jini ya fara faɗuwa, ko zaton sefsis ya yi ƙarfi, a sa antibayotik cikin awa 1. In ana kokwanto kuma awon jini bai faɗi ba, a gaggauta bincike, in zaton bai gushe ba a sa maganin cikin awa 3. Ko an yi wa wurin rangwame saboda ba babban asibiti ba ne, tsakanin awa 3 da awa 21 akwai tazarar da uzuri ba ya cikewa.

Sefsis shi ne halin da jiki ke shiga idan cuta ta kama wani wuri, huhu ko mafitsara ko gyambon kwanciya, sai yaƙin da jiki ke yi da ita ya wuce gona da iri, ya juyo yana ɓarnata gaɓoɓinsa. Jijiyoyin jini su saki, ruwa ya tsiyaye daga cikinsu, awon jini ya faɗi, ƙoda ta rage fitsari, ƙwaƙwalwa ta rikice. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2020, ta ce a shekarar 2017 kaɗai mutum kusan miliyan 49 ne suka shiga wannan hali, miliyan 11 suka rasu, wato kusan mutuwa ɗaya cikin biyar a duniya. Wani bincike da aka wallafa a 2006 a kan marasa lafiya fiye da 2,000 a Kanada da Amurka, waɗanda awon jininsu ya riga ya faɗi, ya nuna cewa waɗanda aka ba maganin da ya dace a cikin awar farko kusan kashi 80 cikin 100 sun rayu, kuma duk awar da aka ƙara a cikin awa 6 na farko tana rage damar rayuwa da kimanin kashi 7.6. Binciken da suka biyo baya sun nuna haɗarin bai kai haka ba ga wanda awon jininsa bai faɗi ba tukuna, amma yana nan, yana ƙaruwa da lokaci. Abin kamar wuta ne a dangar kara lokacin hunturu: bokitin da zai kashe ta da farko, in aka ɗan daɗe ba zai yi komai ba.

To, jinkirin ne ya kai ta babban asibiti? Ya ba cutar filin da bai kamata ta samu ba, wannan babu tantama. Amma don a yi adalci, akwai tsofaffin da ke faɗawa wannan hali ko an yi komai a kan kari, musamman idan ƙwayar cutar ba ta jin maganin da aka fara da shi.

Wani abu da ke ruɗin masu jinya, har da wasu ma'aikata, shi ne tsoho ba ya nuna cuta yadda matashi ke nunawa. Muna jiran jiki ya yi zafi rau, alhali tsofaffi da yawa cuta mai tsanani na cin su ba tare da zazzaɓi ba, wasu ma jikinsu sanyi yake yi. Shi ya sa ga tsohon da ke kwance ake ɗaukar digiri 37.8 a baki a matsayin zazzaɓi ko sau ɗaya aka gani, haka nan 37.2 in ya maimaitu, ko ƙarin digiri 1.1 a kan abin da aka saba gani a jikinsa. In kuwa an riga an ba shi farasitamol da asuba, ma'aunin zafi zai yi maki ƙarya da hantsi. Alamomin da suka fi gaskiya guda uku ne, kuma ba sa buƙatar ɗakin gwaji: numfashi 22 ko fiye a minti ɗaya, lambar sama ta awon hawan jini 100 ko ƙasa, da sabon rikicewar hankali. Biyu daga cikinsu sun isa a tashi tsaye. Daga bayaninki, Inna tana da biyu daga cikinsu tun kafin likita ya iso.

Batun rikicewar nan ina so in ɗan tsaya a kai, domin a nan Sakkwato sau da yawa akan ce tsufa ne, ko a ce iska ce ta taɓa ta. Mantuwar tsufa a hankali take zuwa, wata da watanni. Wadda jiya ta gane jikokinta ta yi masu wasa, yau kuma tana magana da matattu ko tana barcin da ba a saba gani ba, jikinta ne ke ƙara, kuma cuta ce ta farko da ake nema. A yi mata addu'a da tofi, babu mai hanawa, amma a lokaci guda a ƙirga numfashi, a auna jini, a soki yatsa a duba suga. Faɗuwar suga ma tana kawo irin wannan, gwajinta bai wuce minti ɗaya ba.

Yanzu ga inda awoyin ke ɓacewa, wanda shi ne ainihin abin da kike tambaya. Umarnin likita rubutu ne a takarda. Kafin ya zama magani a jijiya sai ya bi ta hannuwa da yawa, kuma a kowane hannu yana iya kwana.

Abin da na fi zargi a labarinki, ganin cewa ƙarfe 8 daidai aka yi allurar, shi ne tsarin rabon magani. Ɗakunan jinya suna da lokutan da aka tsayar na ba da magani. Idan likita ya rubuta allura irin seftriyazon, wadda aka fi yi sau ɗaya a rana, bai rubuta cewa a yi ta farko yanzu ba, mai kwafe umarnin zuwa takardar magani tana iya sa ta a layin "sau ɗaya a rana", wanda a wurare da yawa da safe ne. Safiyar yau ta wuce, sai ta gobe ke nan. Babu wanda ya ƙi aiki, babu wanda ya yi barci, kowa ya bi takarda, tsohuwa kuwa ta kwana da cuta. Likitoci suna da 'yar kalmar da suke rubutawa a gefen magani, stat, wadda ke nufin yanzu-yanzu. Ki nemi ganin ko an rubuta ta.

Sai kuma rubutu ba tare da magana ba. Likita ya rubuta a fayil, ya rufe, ya ajiye a kan sauran, ya wuce wani wurin aikinsa. Nas ɗin tana can tana wanke gyambon wani. Ba za ta buɗe fayil ɗin ba sai ta gama, wataƙila bayan azahar, lokacin da ake shirin miƙa aiki ga masu aikin yamma. A wajen miƙa aiki aka ce "an rubuta mata allura", mai karɓa ta ɗauka an yi. Umarnin gaggawa ana faɗar sa ne baki da baki, a kama sunan wadda za ta yi, a faɗi lokaci. Wannan nauyin likita ne, kuma nas mai gogewa ba ta barin likita ya fita daga ɗaki ba ta tambaye shi wanne ne ba ya jira ba.

Na uku namu ne na gida, kuma shi ya fi ciwo. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Ma'anarsa a ɗakin jinya ita ce a miƙa wa mai jinya takarda a ce je ki sayo. Mai jinyar kuwa sau da yawa yarinya ce ko wata gwaggo da ba ta riƙe da kuɗi, ba ta kuma karanta rubutun likita. Ta kira Yaya, wayarsa ba ta shiga, yana kasuwar Illela ko yana ofis. Ya ce in ya taso da la'asar zai biyo. Ya biyo, kemis na kusa ba su da shi, ya hau kabu-kabu zuwa wani. Ya kawo allura, aka ce babu kanula, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya, da ruwan haɗawa, ba a rubuta su a takardar farko ba. Kafin a haɗa komai an yi isha'i, nas ɗaya ce ga ɗaki guda. Kuma duk tsawon yinin babu wanda ya ce wa Yaya wannan takardar ba irin ta jiya ba ce. Wurin da ke kwantar da tsofaffi masu robar fitsari ya kamata ya ajiye allurar farko da ruwan leda da kanula a kabad, a yi amfani da su, a yi lissafi daga baya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikaci ko cibiyar lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili.

Akwai kuma jinkirin da ke zuwa da kyakkyawar niyya. An koya mana a ɗebi jinin kolca, wato wanda ake renon ƙwayar cuta a cikinsa don a gane ta, kafin a sa antibayotik, domin maganin yana iya hana ƙwayar fitowa. Gaskiya ne. Amma sharaɗin shi ne ɗiban bai jinkirta magani fiye da minti 45 ba. In babu kwalbar gwajin, ko ɗakin gwaji ya tashi, a yi allura kawai. Wasu kuma suna fahimtar abin a karkace, su zauna jiran sakamako, alhali kolca tana ɗaukar kwana 2 zuwa 3. Haka batun jijiya: tsohuwar da ta yini ba ta sha ruwa ba, balle a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a garin nan, jijiyoyinta kwanciya suke yi. A soka a rasa, a sake a rasa, a ce a bari sai wane ya zo. Nan take ya kamata a kira likita, domin wasu magungunan ana iya yin su a tsoka kafin a samu jijiya, kuma rashin samun jijiyar kansa dalili ne na tura ta babban asibiti tun da rana.

Kada ki ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai. A Amurka, inda gidajen kula da tsofaffi suka kai kimanin 15,000, likita ba ya zama a gidan. Dokarsu ta tarayya ta wajabta ne ya ga mazaunin gidan sau ɗaya duk kwana 30 a watanni ukun farko, daga nan sau ɗaya duk kwana 60, saura ta waya ake yi. Ɗakin gwaji da kantin magani galibi a waje suke. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa cututtuka masu tsanani miliyan 1 zuwa miliyan 3 ne ke aukuwa duk shekara a irin waɗannan wurare. Su kuɗin saye ba shi ne ke tsayar da su ba, amma giɓin da ke tsakanin wanda ya rubuta da wanda zai aiwatar iri ɗaya ne da namu.

Sai dai zan ja maki birki a wuri ɗaya, domin na san abin da ke biyo bayan irin wannan tsoro: iyali su koma duk ranar da fitsari ya yi wari ko ya yi duhu a ruga kemis a sayo antibayotik. Wannan wata ɓarnar ce. Mai robar fitsari, in ta kai wata guda a jiki, kusan tabbas za a samu ƙwayoyin cuta a fitsarinsa, ko lafiyarsa ƙalau. Ko babu roba, a gidajen tsofaffi ana samun haka ga kashi 25 zuwa 50 na mata. In babu zazzaɓi, babu ciwon mara ko na kwiɓi, babu sabon canji a jiki, ba a ba da magani a kan sakamakon gwaji kawai. Hukumar nan ta Amurka ta ce kashi 40 zuwa 75 na antibayotik ɗin da ake bayarwa a gidajen tsofaffinsu ko ba a buƙatarsa ko ba a ba da shi daidai ba. Abin da ake girba shi ne gudawa mai tsanani, da ƙwayoyin da ba sa jin magani ranar da ake buƙatarsa da gaske. Jentamaisin na iya taɓa ƙodar tsoho, sifrofloksasin kuma na iya rikita hankalinsa ko ya kayar da sugar mai shan maganin ciwon suga. Saboda haka in likita ya duba ya ce a ƙara mata ruwa, a riƙa auna ta duk awa 4, a jira, wannan shawara ce, ba sakaci ba. Bambancin shi ne akwai wanda ya yanke ta, akwai awon da ake rubutawa, kuma an faɗi abin da in an gani za a kira shi. Abin da ya faru da Inna daban ne: an yanke a yi, ba a yi ba.

Haka nan, in gwajin maleriya ya nuna akwai, kada a rufe littafi a kansa. A wurinmu mutum na iya ɗauke da ita kuma nimoniya, wato ciwon huhu, ce ke neman ransa, musamman mai shanyewar ɓarin jiki da ke ƙwarewa in ana ɗura masa kunu yana kwance.

Batun laifi, takardu uku ne za su raba gardama: inda likita ya rubuta umarni da lokacin da ya sa, takardar magani inda nas ke sa hannu da lokaci, da takardar awon zafi, numfashi da jini. Wannan ta ukun ita na fi son ki duba. In daga ƙarfe 11 na Alhamis zuwa safiyar Juma'a an auna ta sau ɗaya ko biyu kacal, to matsalar ta wuce allura, ba a sa mata ido ba ne. Kina da haƙƙin neman bayani, kuma kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya tabbatar da haka. Shawarata ki je wurin shugabar ma'aikatan jinya ke da Yayanku, ba a bakin gado ba, ba da faɗa ba. Ku ce kuna so ku san ƙarfe nawa aka rubuta, ƙarfe nawa maganin ya iso, da abin da ya faru a tsakani. In aka zauna da ku aka buɗe fayil aka nuna maku inda aka yi tuntuɓe da abin da aka gyara, wurin ya cancanci a sake gwada shi. In aka hau ku da "ai tsufa ne" ko aka ɓoye takarda, ku ɗauke ta, ku kuma rubuta ƙorafi zuwa Ma'aikatar Lafiya ta jiha, wadda ke yi wa irin waɗannan wurare rajista. Ku shirya jin cewa wani ɓangaren jinkirin daga wajen sayen maganin ne, in haka ne ku karɓa.

Nan gaba, ko a can ko a gida, kada likita ya fita sai mai jinya ta tambaye shi: a cikin abubuwan nan wanne ne na yanzu, kuma in ƙarfe nawa ya yi ba a yi ba in kira ka? Ta rubuta lokacin a littafi. Ku ajiye kuɗin gaggawa a hannun wadda ke kwana da Inna, ba a hannun wanda ke Abuja ba, kuma ku yarda tun yanzu cewa ba sai an jira taron 'yan'uwa kafin a sayi allurar farko ko a ɗauki mota zuwa Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba. Ku sayi ma'aunin zafi da na hawan jini, ku san lambobinta na ranar da take lafiya, domin mai hawan jini da ta saba da 160, in ta sauko 110 ta faɗi ke nan ko da lambar ta yi kyau a ido. Ku riƙa duban jakar fitsari: mai nauyin kilo 60 ya kamata ta yi aƙalla mililita 30 a awa, in awa 6 ta wuce bai kai sulusin ledar fiya wata ba, a kira likita.

Akwai jinkiri na biyu da ba a cika lura da shi ba. Kwana 2 zuwa 3 bayan fara magani sakamakon kolca ke fitowa, kuma shi ke faɗin ko maganin ya dace, ko a canza, ko a tsayar. Sau da yawa takardar tana can a ɗakin gwaji babu wanda ya je karɓa. Ku sa mutum ɗaya ya ɗauki nauyin karɓo ta ya sa a hannun likita. In za a ɗebi fitsarin gwaji, ba daga jaka ake tsiyaya ba, kuma in robar ta wuce mako 2 a jiki, a canza ta tukuna a ɗiba daga sabuwar, a kai ɗakin gwaji cikin awa 2.

Kafin a sallame ta daga babban asibiti, ki tambayi likitocin ko har yanzu tana buƙatar robar nan. Da yawa ana sa ta ne a makon farko na shanyewar jiki, sai a manta da ita saboda ta rage wankin zannuwa. In fitsarinta yana fita da kansa, kunzugun manya da yawan juya ta sun fi mata aminci. In kuma dole ce, a rubuta ranar da aka sa ta da ranar da za a canza a jikin jakar, jakar kuma ta kasance ƙasa da mararta koyaushe, ba a kan gado ba, ba kuma a ƙasa tana jan turɓaya ba.